Mangwaron Salama a Gonar Aro

Lahadi, 2 ga Yuni

Ƙanwata Salama ta ci gasa. Ta bugo waya muna dawowa daga sujada, cike da murna. Wai shari'ar gwaji ce, a tara ɗaliban lauya daga jami'o'i da yawa, a ba su ƙarar da aka ƙirƙira, su yi ta gardama gaban alƙalai na gaske. Ita da ƙawarta Kausar suka tsaya wa jami'arsu, suka ɗauko kofi. Ƙarar ma a kan gona ce. Baba ya sa na maimaita masa sau uku. Ya ce ashe shi Bitrus na Ƙarfi ya haifi mai kayar da maza a gaban alƙali. Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ji daɗi. Na ji mana. Ni a aji shida na firamare na tsaya, shekarar da ƙafar Baba ta lalace. Wannan littafin ma ragowar nata ne na sakandare, na yage shafukan gaba.

Talata, 4 ga Yuni

Ruwa mai kyau. Na gama shuka masara a tudu, saura gangare.

Alhamis, 13 ga Yuni

Salama ta sake bugowa. Tsangayarsu tana da ƙungiyar ɗalibai masu ba talakawa shawarar shari'a kyauta. Saboda kofin nan, shugabansu ya ce su je garuruwan waɗanda suka ci, su wayar wa manoma kai kan takardun gona. Za su zo Asabar ta sama. Suna son gona ɗaya da za su yi misali da ita.

"Gonarmu mana, Yaya," in ji ta.

Kalmar ta tsaya mini a rai. Gonar aro ce. Lokacin da kakanmu ya bi 'yan mishan, 'yan'uwansa suka hana shi gado, mahaifin Alhaji Maiwada ne ya yanko masa ita ya ce ya noma ya ci. Duk kaka muna kai damin dawa ƙofar gidansu, don kowa ya tuna. Ɗorawa ukun da ke ciki ma tasu ce, marigayiya Mama ba ta taɓa tsinkar ko ɗaya ba sai matan gidan sun zo. Salama tana da shekara goma sha ɗaya ta tafi makarantar kwana. Ina jin ta ɗauka damin nan gaisuwa ce kawai.

Na ce mata Allah ya kawo su lafiya.

Litinin, 17 ga Yuni

Naman Sallah daga gidan Alhaji Maiwada, kamar kowace shekara. Bana ɗansa Awaisu ne ya kawo da kansa, shi da ke harkar hatsi a Funtuwa bai cika zuwa ba. Ya gaida Baba da ladabi. Da na raka shi ya tambaye ni ko gangaren can yana riƙe ruwa har bayan damina. Na ce yana yi. Ya ce waken suya yana tafiya bana.

Asabar, 22 ga Yuni

Sun zo. Mota cike, farar riga da baƙin wando, takalma masu sheƙi a kan taɓon Ƙarfi. Malamarsu sunanta Malama Fiddausi, mace mai natsuwa, ta durƙusa ta gaida Baba kamar 'yar gida.

Taron da suka yi a firamare ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wata gwauruwa ta yi tambaya kan gonar mijinta, Salama ta amsa mata da Hausar da kowa ya gane. Tsofaffi suna gyaɗa kai. Na tsaya a baya ina kallon ƙanwata, sai na ga yadda take ɗaga yatsa irin na Mama.

Da aka taho gona ne abin ya lalace. Sun auna iyaka da igiyar awo, wannan ban damu ba sosai. Sai kuma suka sauko da dashen mangwaro mai aure daga bayan mota, guda goma, kowanne a ledarsa, an ɗaura masa ɗan kwali da sunan ɗalibi. Kausar ta yi bayani cewa gamba da ake sa wa a iyaka wuta na cinye ta, amma itace shaida ce da ba ta gusawa. Kyauta ce gare mu, wai don tunawa da kofin.

Ba a dasa itace a gonar aro. Duk wanda ya girma a nan ya san wannan. Hatsi kwana ɗari ne ka kwashe abinka. Itace kuwa cewa ka yi ka zauna ke nan, ƙasar ta zama taka.

Na ga dattijai biyu sun dubi juna, suka juya suka kama hanyar gari. Na gan su sarai. Salama kuwa tana riƙe da nata dashen, fuskarta kamar ranar da aka yi mata baftisma, wayoyi a ɗage ana ɗaukar hoto. Ta ce, "Yaya, kai ka san ƙasar, haƙa mana."

Na haƙa. Duk ramukan goma ni na haƙa su.

Lahadi, 23 ga Yuni

Ban gaya wa Baba ba. Na ce a raina in cire su bayan kwana biyu, wa zai sani.

Laraba, 26 ga Yuni

Na je da fartanya. Na tsaya kan wanda aka rubuta Salama Bitrus, ya fitar da sabon ganye ja guda biyu. Na dawo.

Juma'a, 5 ga Yuli

Na shiga Funtuwa neman taki. Ina sauka daga keke Awaisu ya kira ni daga bakin shagonsa. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya miƙo mini wayarsa. Mujallar tsangayar su Salama ce, ta labaran nasarorin bana. Wani ya zama farfesa, wasu sun tafi ƙasar waje, ga hoton kofi. A shafi na uku ga ni, riƙe da fartanya, baki buɗe. An fassara abin da ke ƙasa da Hausa don manoma: Malam Toma Bitrus yana kafa iyakar gonarsa ta gado da taimakon ɗalibanmu.

Ta gado.

Awaisu bai ɗaga murya ba. Ya ce yana taya mu murna, ashe lauya muka yi ta raino a ɓoye. Ya ce a gaida Baba, kuma in tattara hankalina wajen girbin bana, don shi ne na ƙarshe.

Na dawo ba takin. Sai a Malumfashi na tuna.

Asabar, 6 ga Yuli

Na gaya wa Baba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Tambaya ɗaya ya yi, ko ina wurin. Na ce ina wurin. Ya juya fuska bango.

Litinin, 8 ga Yuli

Salama a waya. Da farko zafi ta ɗauka. Shekara sittin muna noma wuri, in ji ta, ba wanda zai kore mu da magana a bakin shago, za ta duba littattafai, za su rubuta masa takarda. Na ce kada ta rubuta wa kowa komai. Ta ce matsalata ke nan, kullum shiru, kullum haƙuri. Ta ce da na faɗa mata tun ranar ai da ba a yi ba.

Wannan ta faɗi gaskiya. Na kashe wayar duk da haka.

Laraba, 10 ga Yuli

Noman maimai. Ciyawa ba ta san ana rigima ba.

Ina ta tunanin dalilin da ya sa na haƙa ramukan. Na ce don kada in kunyata ta gaban abokanta. Akwai wannan. Amma akwai wani a ƙarƙashi. Mutum talatin masu karatun doka, ni mai aji shida in ce sun yi kuskure? Tsoro na ji kada ɗaya ya tambaye ni a wane littafi aka rubuta.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ta bugo da safe, murya ƙasa-ƙasa. Ta je wurin Malama Fiddausi da littattafanta. Malamar ta nuna mata cewa dokar ma tana bayan Alhaji Maiwada. Aro ba ya zama gado komai daɗewa, wanda kuma ya yi musun mai gona a bainar jama'a, ana iya karɓe ta a hannunsa. Wai har a gasar da suka ci an kawo wannan hujjar, ita da kanta ta karanto ta gaban alƙalai.

"Na san shi a takarda, Yaya. Ban san gidanmu ake nufi ba."

Ta ce tana zuwa ranar Asabar. Ban hana ta ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Mun haƙo su tun da sassafe, ni da ita. Na nuna mata yadda ake zagaye dashe a ɗauko shi da ƙasarsa don kada saiwa ta ji. Ta cire kwalayen sunan ɗaya bayan ɗaya ta zuba a aljihu. Muka jera su a baro muka turo ta tsakiyar gari, da gangan, don waɗanda suka ga dasawa su ga cirewa.

Alhaji Maiwada yana zaure da mai unguwa da Awaisu. Ya tsufa ƙwarai, carbi ma da ƙyar yake ja. Salama ta ɗaura zane ta rufe kai, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta fara bayani, wai kuskuren ƙungiyarsu ne, za a gyara a mujalla. Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce ita yarinya ce ta boko, baƙi kuma baƙi ne. Shi wanda ya haƙa ramin yake son ji.

Na ce, "Baba Alhaji, ni na haƙa. Na san hukuncin, na kuma haƙa, don na ji kunyar in yi magana gaban masu ilimi. Gonar taku ce tun kan a haifi Baba. Ga itatuwan, naku ne. In kun so ku dasa da hannunku, in kun so a ba awaki."

Ban taɓa yin doguwar magana haka gaban manya ba.

Awaisu ya ce maganar ta yi daɗi, amma hoton ya riga ya zaga duniya, gobe in tsofaffi sun kau shi za a nuna wa alƙali. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne, abin da zan faɗa ke nan.

Alhaji ya ce mu je, zai yi tunani.

Talata, 16 ga Yuli

Ba saƙo daga Alhaji tukuna. Salama ba ta koma ba, tana taya ni zuba taki. Hannunta duk ya yi kanta.

Juma'a, 19 ga Yuli

Bayan sun sauko daga masallaci aka aiko mu zo gona. An kawo Alhaji a bayan babur. Ya yanke: gangare ya koma hannun Awaisu bayan girbi, tudu ya zauna a hannunmu aro, yadda yake. Gangaren shi ne mai kyan. Shi ke cika mana rumbu in ruwa ya ɗauke da wuri.

Ya sa aka kawo dashe ɗaya, aka haƙa rami daidai sabuwar iyakar. Awaisu ya riƙe shi, Alhaji ya sunkuya ya sa dashen da hannunsa, ya tura ƙasa da ƙafa. Ya dubi Salama ya ce, tunda 'yar Bitrus ta iya rubutu, ta rubuta wannan: mangwaron na Maiwada ne, tudun aro ne, ba kuma mai tashin gidan Bitrus daga kansa muddin dami yana zuwa. Ta rubuta a kan gwiwarta da Hausa, mai unguwa ya sa hannu, Awaisu ma ya sa.

Shekara sittin ba takarda, yau ga takarda, rabin gona ya tafi. Ban san ko in yi murna ba. Baba ya ce a gode wa Ubangiji, sannan ya ƙi cin tuwo.

Lahadi, 4 ga Agusta

Na kan tsaya a sabuwar iyakar in dubi gangare. Masarar ta yi baƙi-ƙirin don kyau. Kamar ta sani.

Laraba, 21 ga Agusta

Sabuwar mujalla ta fito, Salama ta turo. Sun gyara, sun ba da haƙuri, sun sa sunan Alhaji. A ƙasa an rubuta cewa daga yanzu ƙungiyar ba za ta taɓa ƙasar kowa ba sai ta zauna da dattawan wurin.

Da rana Malama Fiddausi ta bugo da kanta. Wai tana so in zo in yi wa ajinta bayanin aro, da ɗorawa, da dami, yadda ake yi a gaske. Na ce mata ni aji shida na yi. Ta ce ta sani. Sai na ji bakina yana cewa ai ba aro kaɗai ba ne, akwai jingina, akwai gonar gandu ta gida gaba ɗaya da gayauna ta mutum shi kaɗai, in ba su bambance su ba za su sake tafka wata. Na kai minti goma ina magana. Ba ta katse ni ba.

Ban ce zan je ba. Ga aiki, ga ƙafar Baba.

Mangwaron Alhaji ya kama, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da na shiga Malumfashi da yamma na biya tasha, na tambayi ƙarfe nawa motar farko ta zuwa garin jami'ar su Salama take tashi. Tambaya kawai na yi.