Abin da Wata Yake Ragewa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da jirgin nan naku mai yashe bakin teku, inda waya ba ta shiga sai ta ga dama. Tunda kira ya gagara, ga takarda ta hannun direban kamfaninku.

Maganar Baba ce. Yaya, Baba yana ramewa. Ni na kai bel ɗinsa aka ƙara masa huda, yanzu kuma yana neman wata. Abinci sai ya yi loma biyu ya ture kwano, wai gishiri ya yi yawa, mutumin da yake barbaɗa gishiri tun kafin ya ɗanɗana. Umma ta sayo sikeli ta ajiye a ƙofar banɗaki, kullum da safe sai ta tsare shi ya hau. Allurar sikelin kuwa ƙasa kawai take yi.

Ka san halin Baba. Ritaya ta raba shi da allo da alli, amma ba ta raba shi da darasi ba. Ya ɗauko lemo biyu da faranti ya zaunar da mu: wannan duniya, wannan wata, wannan rana. Wai wata yana jan duk abin da ke doron ƙasa, rana ma tana ja, idan suka yi layi ɗaya jan ya haɗu, sai nauyin mutum ya ragu a sikeli. Wai kowa ya yi sauƙi bana, nasa ne kawai ake aunawa. Na hau sikelin a gabansa, ni ƙaruwa ma na yi. Ya ce ni ai ko wata ya ja ya gaji ya haƙura.

Mun yi dariya, amma hankalina bai kwanta ba. A gidan nan ba mu saba musu da Baba a kan kimiyya ba, sai Umma ta ce in tambaye ka, tunda aikinka kullum auna hawan ruwa ne da saukarsa. Tambayar tana da dalili. Haihuwar Yaya Babba ta matso, likita ya ce aiki za a yi mata, kuma ka san yadda cikinta biyu na baya suka ƙare. Umma tana so ta je ta zauna da ita, amma ta ce ba za ta ɗaga ƙafa ba sai ta ji daga gare ka.

Ka amsa da wuri, kada ka yi mini irin taka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Ɗana Injiniya,

Aminci ya tabbata a gare ka. Ina fatan aiki yana tafiya daidai, Allah Ya tsare ku a kan ruwa.

Na san Auta ta rubuto maka, don na ga ta ɓoye biro da na shigo. Ba zan raina maka hankali ba, ni na koya maka lissafin. Mutum kamata, ko wata yana tsaye a kansa rana tana taya shi, abin da za su rage masa bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba, kuma da duniya ta ɗan juya sun mayar masa da abinsa. Teku yana tashi ne saboda faɗinsa. Mutum ba teku ba ne.

Na je asibiti ni kaɗai. Ciwon daji ne a ciki, ya riga ya kai hanta. Likitan tsohon ɗalibina ne, takarda ya yi ta kallo yana yi mini bayani. Ya ce ina da watanni. Na lissafa, za su isa 'yar'uwarka ta sauka, mahaifiyarku ta dawo, sannan in zaunar da ita in faɗa mata da bakina.

Idan ta sani yanzu ba za ta tafi ba, kuma yarinyar nan za ta shiga ɗakin tiyata babu uwa a bakin ƙofa. Ba zan iya ɗaukar wannan ba. Ban taɓa roƙon ka komai ba, yau ina roƙo: ka ce mata bayanina daidai ne.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, ina lafiya, ina gaida Umma da Baba.

Abin da Baba ya faɗa game da wata da rana gaskiya ne. Ni ganau ne. A nan, ranar da wata ya cika ko ya ɓuya, ruwa yana hawa fiye da tsayin mutum, jirginmu da duk ƙarafunansa ya ɗaga kamar kwalba. Sa'o'i kaɗan ya janye, ka ga laka da kaguwa a inda muka bi da safe. Jan da wata yake yi wa teku, shi yake yi mana, ke da ni da Baba, babu wanda ya tsira.

Ki gaya wa Umma ta shirya ta tafi, Yaya Babba tana bukatarta. Ke kuma ki rage surutu ki riƙa dafa masa abu mai ruwa-ruwa.

Yayanki

*

Baba,

Barka da war haka, ya ƙarfin jiki? Na yi abin da ka ce. Babu jimlar ƙarya ko ɗaya a wasiƙar, na duba, kuma ban taɓa jin kunyar wani rubutu nawa kamar wannan ba. Na nemi hutu, shugabanmu ya ce sai an gama yashe mashigar jirage. Ina tsoro, Baba. Lissafin likita ba irin namu ba ne. Don Allah ka jira.

Ɗanka

*

Yaya,

Gaisuwa. Umma ta tafi. Sai da na karanta mata takardarka sau biyu, ta ce alhamdu lillahi, ta ɗaure kayanta. Baba ya raka ta har bakin titi yana tsokanar ta, da mota ta tashi sai ya zauna a kan dakalin mai shago, ni na riƙo shi muka dawo.

Yanzu ko shayi ba ya zama a cikinsa. Idonsa ya yi rawaya. Da kansa ya tura sikelin ƙarƙashin gado. Na ce mu je asibiti, ya ce ba yanzu ba, kuma ya sa na yi alkawarin ba zan kira Umma ba sai an fito da Yaya Babba daga tiyata. Idan ta bugo, sai ya gyara murya ya yi mata raha, yana ajiye wayar ya rufe ido kamar wanda ya sauke buhu.

Ni ban yi karatunku ba, amma wata ba ya sa ido rawaya. Ina jin tsoro, kuma ina jin haushinka, ban ma san dalili ba. Ka zo.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, a asibiti, hannunsa a nawa. Kafin nan ya gaya mini komai, har da roƙon da ya yi maka. Ya ce kada a ga laifinka.

Yaya Babba ta sauka lafiya, mace. Umma ta iso bayan an dawo daga maƙabarta.

Ban ɓoye mata ba, na gaji da ɓoyo. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce ita tun farko ba ta yarda da zancen lemo da faranti ba, ta san mijinta. Maganarka ta bi.

Ta ce gidan ubanka ne, ka zo duk ranar da aka sake ka, amma kada ka zo mata da bayani.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba mu haƙuri.

Auta