Jelar Ragon Cika-ciki

Goronyo, daren cika-ciki, bayan isha'i

Gari duk ƙamshin tuwo da nama. Wanga shi na cika-cikin hwarko da niy yi nesa da Wurno, tun da En'e ta turo ni yi wa shanu allura.

Mai masaukina, Baba Umaru, da kanshi yak kawo akushi, har da jelar ragon layya da anka adana don yau. Yac ce, "Malam, a cika ciki. Wanda bai ƙoshi yau ba, da yunwa za shi ƙare shekara."

Nic ce, "Baba, zamna mu ci tare."

"A'a, mi zai haɗa hannuna da na ma'aikaci?"

A gida, taubashina Bello ko sallama ba ya yi ranar ga. Sai shi fizge hulata, shi kira ni bawanshi, shi cinye jelar kahin in wanke hannu. Bara har rantsuwa niy yi bana sai na rama. Ga shi an ɗauke shi soja, an ce an kai shi Bama, shiru.

Ɗazu taubasai na ta zage-zage da dariya a titi. Nit tsaya bakin zaure da hula a karkace, ko wani zai fizge. Kowa ya iso sai ya rage murya: "Barka da hutawa, Malam."

Tuwon na ci. Jelar na ruhe da faifai, ban ma san ɗanɗanonta ba. Allah ka maido mini ɓarawona.