Kason Gadar Marrow

Litinin, 4 ga Maris

Zaman majalisar gari yau. Magajin garinmu, Dwight Caudill, ya shigo da wata yarinya daga babban birnin jiha, takalminta fes, ko ɗigon laka babu. Kendra Slone wai sunanta. Ta ce gwamnatin tarayya na da kuɗin sake gina gadar rafin Marrow, wadda ambaliya ta tafi da ita bara waccan. Wannan ai mun sani. Abin da ya tsayar da mu tun farko shi ne sai gari ya fara ajiye nasa kason, mu kuwa albashin ɗan sandanmu guda ma da ƙyar. To yanzu wai jiha ta buɗe asusu, ita za ta biya mana kason. Kyauta.

Na ce, “Ku kuma me za ku karɓa?” Ta ce, “Ba komai, Mama.” Dwight ya ce, “Wilma, ke ko ruwan sama sai kin tambayi wanda ya aiko shi.” Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Kansiloli biyar ne mu. Biyu na bayan Dwight duk inda ya nufa. Biyu ba sa ƙaunar duk abin da ya fito daga hannun gwamnati. Saura ni.

Laraba, 6 ga Maris

Na kai wa Yaya Delmer wake da burodin masara a tsallaken rafi. Katakan da mazan coci suka shimfiɗa sun fara ruɓewa, ina takawa suna lotsawa. Ta kansu ake ɗauko masa tukunyar iskar da yake shaƙa, tun da ƙurar kwal ta gama da huhunsa.

Labari ya riga ni isa. Ya ce, “Ɗaga hannu kawai aka ce ki yi, ba aurensu za ki yi ba.” Na ce ya manta waɗanda suka zo lokacin da aka rufe mahaƙar kwal? Suka ɗauke mu hoto, suka ci abincinmu, shi ke nan. Ya ce bai manta ba, amma yana so ya ga mota a ƙofar gidansa kafin ta ɗaukar gawa. Ba na son irin wannan wasan nasa.

Asabar, 9 ga Maris

An kafa turaku da jan ƙyalle a bakin rafi. Ba mu jefa ƙuri'a ba, har an yi awo? Kuma faɗin ya fi na tsohuwar gada nesa ba kusa ba. Tsofaffi ne a tsallaken can da motocinsu na a-kori-kura. Wa ke bukatar wannan faɗin?

Talata, 12 ga Maris

Na gan su ta tagar gidan abincin Nadine. Yarinyar, da Dwight, da Roscoe Begley, mijin ƙanwarsa. Roscoe da ya saye dajin da ke saman gidan Yaya a bara, mutane na cewa ya haukace, ta ina zai fito da katako ba gada?

Ashe ta nan.

Alhamis, 14 ga Maris

Na kira yarinyar a waya. Na ce gadar motar asibiti za a yi mana ko ta manyan motocin katako? Ta ce girman gada gari ne ya rubuta a takardar nema, ita nata aikin kason ne kawai. Na ce to Roscoe fa? Ta ce, “Wane ne Roscoe?” Ko da gaske ba ta sani ba, ko kuma an koya musu wannan a makaranta.

Litinin, 18 ga Maris

Na nemi a ɗage ƙuri'a. An ɗage. Dwight ya bi ni har mota. “Tun muna aji ɗaya kike haka, Wilma. Ƙarshen Afrilu ake rufe nema. In ya wuce, ke za ki gaya wa mutanen tsallake.” Na ce ya fara gaya musu motocin surukinsa ne za su riƙa bi ta ƙofarsu daga safe har yamma, ga hayaƙi, ga Yaya da ke neman numfashi. Kuma in aka aske dajin nan, ruwan gaba a kan wa zai sauko? Kunnuwansa suka yi ja. Bai musa ba.

Lahadi, 24 ga Maris

A coci matan tsallake ba su gaishe ni ba. Ni da na ciyar da iyayen wasunsu a ɗakin girkin da muke dafa wa tsofaffi abinci har suka bar duniya.

Laraba, 3 ga Afrilu

Ban iya rubutu ba sai yau.

Ranar Lahadi an wuni ana ruwa. Da rana maƙwabciyar Yaya ta kira, wai leɓɓansa sun canja launi, ba ya amsawa. Na isa bakin rafi, katakan sun nutse. Motar asibiti ta zo ta tsaya a gefenmu, fitilunta na juyawa, ba abin da za ta iya. Sai mazan tsallake suka cire ƙyauren ɗakinsa suka ɗora shi a kai, suka shigo ruwa da shi, ruwan har ƙirji. Ɗaya ya ɗaga tukunyar iskar a ka. Daga gefenmu wasu suka shiga tarbarsu, na farkonsu Dwight, da kayan cocinsa. Sau ɗaya ƙyauren ya karkace. Ban san na zauna cikin laka ba sai da aka ɗaga ni.

Yana raye. Yana asibiti.

Dwight bai ce mini komai ba. Da ma ya yi gori, da na fi jin sauƙi.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Yaya ya buɗe ido ya ce, “Wa zai mayar mini da ƙyaurena?” Na ce gidana zai koma in an sallame shi. Ya ce gara rafin.

Talata, 9 ga Afrilu

Yarinyar ta zo ɗakin girki ina tsakiyar zuba abinci. Ba wanda ya kira ta. Ta ɗauki ludayi ta taya ni, ba ta ma iya ba, rabi a faranti rabi a tebur. Da muka gama ta ce ta bincika. Ana iya neman ƙaramar gada, wadda motar asibiti da ta kashe gobara za su bi amma ban da motar katako, jiha kuma za ta biya kason duk da haka. Kwangila kuwa dole a tallata ta a fili, ba mai miƙa wa ɗan'uwansa.

Na ce me ya hana ta faɗa tun farko? Ta ce ba wanda ya tambaya. Na ce cin abinci da Roscoe fa? Ta ce, “Mama, kujera ya ja ya zauna. Na ɗauka kansila ne.”

Na ce ta rubuto mini duka a takarda da sa hannun shugabanta. Ta ce to. Ta yi saurin cewa to. Wannan ma bai kwanta mini ba.

Litinin, 15 ga Afrilu

Ta kawo. Na karanta, na ba lauyan da ke cocinmu ya karanta.

A majalisa na ce ƙarama, ko babu. Dwight ya ce katakon Roscoe aikin yi ne ga samarin da ke zaman banza, ni na hana su. Wataƙila da gaskiyarsa a nan, ban sani ba. An jefa, ƙaramar gada ta ci, uku da biyu. Na ɗaga hannu. Bai kalle ni ba da muka fito, ƙanwarsa kuma ta daina zuwa taya mu girki.

Alhamis, 20 ga Yuni

Amsa ta zo, tarayya ta amince, jiha ta zuba kason. Sai kaka za a fara aiki, wai. In na ga siminti na yarda. Yaya na ɗakin baya yana faɗa da rediyo.

Da hantsi wata Opal Fugate ta kira daga garin da ke bayan tsauni, ba mu taɓa haɗuwa ba. Ta ce su 'yan sa-kai ne na kashe gobara, motarsu ta mutu, an ce musu akwai wani asusun jiha. Ta ce, “An ce ke ba a yi miki wayo. Damfara ce ko?”

Na buɗe baki zan ce ta yi hankali da su. Sai na ji ina karanto mata lambar Kendra, da ka, ban ko duba ba. Na ce ta yi mata tambaya har sai ta gaji, kuma ta ba ta abinci, yarinyar ba ta ci da rana.

Ban ce na yarda da su ba. Lamba kawai na bayar.