Ranar da Mama Ta Shigo ta Ƙofar Gaba

Thunder Bay, Ontario
Ƙarshen watan Oktoba

Zuwa ga ƙanena Reino,

Gaisuwa mai tarin yawa daga garinmu mai sanyi zuwa can ƙarshen duniya inda ka je ka maƙale. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Beverley da yara, kuma ciwon bayan da aikin haƙar ma'adinai ya bar maka ya lafa. Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare ku a duk inda kuka sa ƙafa. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. An yi wa Kawu Eino aikin ido, yanzu yana ganin komai, har da abin da ba a tambaye shi ba. Gwaggo Sirkka ta ajiye tuƙi bayan ta hau shingen maƙwabcinta da mota, amma har gobe ta rantse shingen ne ya matso. Agwagin daji sun riga sun wuce kudu, da safe kuma sai an kankare gilashin mota. Ku a Perth na san yanzu ne zafi ke shigo muku, komai naku a juye yake.

Za ka yi mamakin ganin takarda, alhali ga waya. To, a waya in na tashi kai kana shirin kwanciya, kuma da na ɗauko magana mai nauyi sai ka tambaye ni ko ƙanƙara ta fara zuba. Takarda ba ta katse mutum, shi ya sa na zaɓe ta. Maganar gidan Mama ce, da kuma wani saƙo da aka ba ni in isar maka.

Kamar yadda muka yi shawara, na sa gidan a kasuwa, tunda gidan kula da tsofaffin da Mama take ba kyauta suke riƙon ta ba. Dillaliyar da ke nema mana mai saye ta haɗa ni da wata mata mai suna Denise, wadda sana'arta ke nan, shirya gida ta yadda zai shiga ran mai saye. Ba muguwa ba ce, kada ka ɗauka ƙararta nake kawowa. Ta zagaya ɗaki ɗaki tana murmushi, ta ce gidan yana da kyau ƙwarai, sannan ta sa aka kwashe duk abin da ke cikinsa. Bayaninta shi ne, mai saye ba mu yake so ya gani ba, kansa yake so ya gani a ciki. Hotunanmu sun sauka daga bango. Dardumomin da Mama ta saƙa da tsummokin tsofaffin rigunanmu an naɗe su. Kujerar Baba mai lotsattsen mazauni, agogon bango, kofunan gahawa na ranar Lahadi, duk suna wani ɗakin ajiya na haya a bayan gari. Koren fentin kicin ɗin nan da kake cewa yana hana ka cin abinci, an shafe shi da wani fari mai toka-toka. Da ka ga yadda na yi kewarsa, ni da na fi kowa zaginsa.

Sai ga babbar mota da kayan haya. Reino, talabijin ɗin da ke falonmu yanzu kwali ne. Gadon da ke ɗakinka katifar iska ce aka ɗora a kan akwatuna aka lulluɓe, in ka zauna sai ƙasa. Akwai kwanon lemon tsami na roba a kan tebur, da tawul a banɗaki waɗanda aka gargaɗe ni kada hannuna ya taɓa su. An jera faranti da cokula a teburin cin abinci kamar ana jiran baƙin biki, ni kuwa a tsaye nake cin nawa a bakin famfon kicin don kada in ɓata jerin. Ina kwana a ƙasa, a ɗan ɗakin sauya kaya na kusa da ɗakin surace, inda muke wankan tururi. Duk abin da ke nuna akwai mai rai a gidan, buroshin haƙori, silifa, maganin hawan jini, yana cikin kwandon wanki guda. Da an ce masu dubawa na tafe, sai in ɗauki kwandona in sa a mota, in je bakin tafki in zauna ina kallon jiragen hatsi har a kira ni. Na kusa shekara sittin a gidan nan, yau ga ni ina ɓoye sawuna a cikinsa kamar ɓarauniya. Kaɗaici nake ji, ba zan ɓoye maka ba, irin wanda ban ji ba ko a makon da aka binne Baba.

Ka san halin mantuwar da Mama ke ciki, amma sani a waya daban ne. Tun kafin bikin Ista rabon da ta kira sunana. Kullum na je sai ta karɓe ni da fara'a, ta ce wa ma'aikatan ga yarinyar kirkin nan mai kawo miya ta zo. Ni da na yi mata wanka, na yanke mata farce, na zauna da ita tun da kai ka tafi, na koma yarinya mai kawo miya. Sai na ƙudura a raina cewa kafin gidan ya fita hannunmu zan kawo ta, ko ganinsa zai sa ta dube ni ta san ni, ko da sau ɗaya. Abin da nake nema ke nan, ba ƙari. Na so a yi haka tun kafin a taɓa komai, sai mura ta kwantar da ita, likita ya hana a fita da ita. Kafin ta warke aikin Denise ya kammala.

Ranar Asabar da ta wuce na ɗauko ta. Na gasa burodin nan mai kitso da take so, a gidan Gwaggo Sirkka, don an hana ni kunna murhunmu. A nan na tafka wauta. Ka tuna a gidanmu ba mai shiga ta ƙofar gaba. Ta fasto ce da baƙin kunya, sai kuma ranar da aka fitar da gawar Baba. Mu ta baya muke shiga, mu tuɓe takalma a kan tabarmar roba. Amma tun da aka fara harkar nan, a ƙofar gaba aka rataye ɗan akwatin makulli, can aka jera tukwanen furanni, ni ma har ƙafata ta saba. Ban yi tunanin komai ba na riƙo hannunta muka shiga ta nan.

Tana shiga ta zama baƙuwa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara gashinta, ta tambaye ni a hankali ko masu gidan sun san da zuwanmu. Ta zauna a gefen kujerar haya, jaka a kan cinya, gwiwoyi a haɗe. Na kawo mata gahawa ta ce a'a, kada in wahalar da kaina, sai da na yi ta nacewa sannan ta karɓa, kamar yadda ta koya mana mu yi a gidan mutane. Na zagaya da ita ko'ina. Na nuna mata tagar da take tsayawa tana jiran dawowar Baba daga masana'antar takarda, ta ce taga mai kyau. Na kai ta ɗakinta, inda ta yi jinyar mu duka, ta yaba zanin gado. A kicin ta ɗauki lemon roba ɗaya ta matsa, ta mayar da sauri kamar ta yi laifi. Sannan ta jawo ni kusa, ta rage murya don kada masu gida su ji, ta ce, "Gidan tsaf-tsaf, amma baiwar Allahn da ke nan ba ta da kowa, ko?" Na ce mata haka ne. Na shiga banɗaki na yi kukana, kuma na share fuska da tawul ɗin Denise, ta yi haƙuri.

Ina fitowa na hango motar dillaliya ta tsaya a waje, da wasu mata da miji da jariri a kafaɗa. Masu duba gida ne, sun riga lokacinsu, kuma doka ita ce kada su tarar da mu. Na tattara kofuna da burodi a kwandona, na ja Mama muka nufi baya. Ka san ƙofar nan, ba ta buɗuwa da lalama. Denise ta yi ta fama da ita har ta ce lalle kafinta ya zo ya fere ta, don ƙofa mai gardama tana sa mai saye ya fara zargin sauran gidan. Hannuwana duka suna riƙe da kwando, ina neman inda zan ajiye, sai kawai Mama ta wuce gabana. Ta kama mariƙin ta ɗaga sama, ta buga da ƙugu daidai wurin da fenti ya saba gogewa, ƙofa ta buɗe da ƙarar nan tata. Iska mai sanyi ta bugo mu. Ta sauka matakala tana dafe da ƙarfe, ta tsaya tana duban filin bayan gida inda kake wasan ƙwallon ƙanƙara da yaran gidan Koski. Ko juyowa ba ta yi ba, da muryarta ta da, mai kaifin nan, ta ce, "Helmi, ja ƙofar nan da kyau, ɗumi na zurarewa. Kuma ki je ki kira min Reino, wasan ya isa haka, abinci zai huce."

Na ja ƙofar. Na ce to, Mama. Ina tsoron in yi dogon motsi abin ya gushe. Muka tsaya a wurin, ina jin muryoyin baƙi a cikin falonmu suna yaba hasken ɗakin. Kafin mu kai mota Mama ta koma cikin mantuwarta. Da na sauke ta, ta yi mini godiya, ta ce in gaida mutanen gidanmu. Amma na samu abin da na je nema, da faɗa aka ba ni shi, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Washegari na kira Denise na ce mata komai na gidan na bar mata, ta ƙara lemon roba in ta ga dama, amma kada kafinta ya taɓa ƙofar baya muddin gidan yana hannunmu. Ta ce ita ma tata uwar tana gidan kula da tsofaffi, a bar ƙofar, wanda ya saya ya gyara abinsa. Masu jaririn nan sun dawo sun sake dubawa, dillaliya ta ce da alama da gaske suke, suna so su tare kafin Kirsimeti. Ka ga ke nan lokacin ba shi da yawa. Ban yi maka alkawarin Mama za ta gane ka ba. Mai yiwuwa ka sha wannan doguwar tafiya ka zama yaron kirki mai rakiyar mai miya. Abin da na sani kawai, ƙofar tana nan yadda ka bar ta, kuma wannan karon ta baya za mu shigo da ita.

Ka gaida Beverley da kyau, ka ce na gode da safar ulu da ta aiko wa Mama, tana sawa. Ka gaida yaranka Tuula da Marcus, ka ce kakarsu Mummu tana ajiye da hotonsu a gefen gado, tana nuna wa kowa ko da ba ta iya faɗin sunayensu. Kawu Eino da Gwaggo Sirkka suna gaishe ka, haka ma tsohuwar gidan Koski, wadda har yanzu ba ta yafe maka tagarta da ka fasa ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

An aike ni in kira ka, Reino. Na kira.

Yayarka,
Helmi