Ka Fasa Sare Tsamiya, To Ka Faɗa da Bakinka

Zuwa ga mai girma konseyenmu, wakilin ƙauyenmu a majalisar komin, wato ƙaramar hukumarmu, Alhaji Isufu ɗan Goggo Mariyama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da gajiyar aikin jama'a. Ni ce Rabi taubashiyarka, mai tuwo da kopto, wato kwaɗon zogale, a kasuwar ƙauyenmu, wadda matan kasuwa suka ɗora wa shugabanci don bakinta ba ya gajiya. Da maganar tsakaninmu ce kawai, da na tare ka a tashar Filinge na cire maka hula kamar yadda na saba, sai ka fanshe ta. Amma a rediyo ka yi magana, duk ƙasarmu ta Kurfai ta ji, don haka ni ma a fili zan ba ka amsa.

Na farko, godiya. Rumfar kwanon da ka yi mana alkawari lokacin kamfen zaɓe ta tsaya da ƙafafunta, kuma mun ji daɗinta. Da can rana ce ke dafa mu kafin mu dafa tuwo, iska ta zuba mana rairayi cikin miya, mai saye ya ci yana tsaki. Yanzu matan Fulani masu nono suna da nasu gefe, mu masu wuta muna da namu, har masu zuwa daga Tabla sun fara tsayawa cin abinci wurinmu. Ni kaina na ƙara tukunya. Na sha ganin masu neman ƙuri'a sun yi alkawari sun ɓace kamar an aiki bawa garinsu, kai kuwa ka cika naka. Wannan ba zan ɓoye shi ba ko da ina fushi da kai.

Na biyu, bari in tuna maka yadda aka yi, tunda alama ta nuna ka fara mantuwa tun ba ka yi furfura ba. Bayan kakar bara ka tara mu a ƙofar maigari, ka ce rumfa za ta zauna tsakiyar kasuwa, kuma dole tsohuwar tsamiyar nan ta faɗi don a samu fili. Ka tambaya ko akwai mai ja. Kowa ya sunkuyar da kai, kai kuma ka ɗauka an yarda. Ban ga laifinka sosai ba, don a Yamai ka girma. Duk wanda aka yanke wa cibi a garin nan ya san tsamiyar ba itace ce kawai ba. Gindinta ne Arnanmu, masu riƙe da al'adar kakanni, suke zuba gumba su yi yanka kafin ruwan fari ya sauka. Har waɗanda ke sahun gaba a masallaci ba sa son a taɓa ta, amma wa zai miƙe gaban liman ya faɗi haka? Shirun da ka ji ran nan, a'a ce aka ce maka.

Mai riƙe da tsamiyar kuwa Kawu Baƙo ne, yayan mahaifiyata, wanda ya goya ni bayan rasuwarta. Shi ya sa ka zaɓe ni. Ka ba ni goro cikin ganye, ka ce in kai masa in sanar da shi, tunda ni ɗiyarsa ce zai ji da sauƙi. Na tafi don ina son rumfa, kuma don kai ka aike ni. Kawu ya saurara har na gama, bai ko dubi goron ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Maida mishi goronai, ɗiyata. Ashe ke za a ba gatari ki kawo mini gida." Daga ranar, kwanon tuwon da nake aika masa kowace ranar kasuwa ya riƙa dawowa yadda ya tafi. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi.

Sai Allah ya taimake mu da kai. Da na mayar maka da goronka, ba ka yi girman kai ba. Ka zo da kanka, ka cire takalmi, ka zauna ƙasa gaban tsohon da bai san ko harafi ɗaya ba, ka ji ta bakinsa. Ka zaga kasuwa, ka ga ashe gefen arewa ya fi tudu, ruwan damina ba ya kwanciya a can, kuma ya fi kusa da rijiya. Ka fasa sare tsamiya, aka kafa rumfa a arewa. Tsamiya na nan, masu awaki suna ɗaure dabbobinsu a inuwarta. Kawu ya sauko, ya koma cin tuwona, har ya ce miyata ta yi gishiri, wanda a wurinsa yabo ne. Ran nan na yi alfahari da kai, na ce wa mata taubashina bawana ne amma yana da kai.

Na uku, kuma nan ne kukana yake. A muhawarar da aka yi da ku a rediyon yanki kwanan baya, abokin hamayyarka ya ce kai hawainiya ne, ka yi amai ka lashe, jiya ka ce a sare yau ka ce a bari. Ina gaban murhu ina saurare, ina jira ka ce masa: ƙwarai na canza, ga kuma dalilina. Maimakon haka sai na ji ka rantse cewa kai ba ka taɓa cewa a sare tsamiya ba, wai matan kasuwa ne suka matsa suna neman fili. Alhaji, matan kasuwa su wa? Shugabarsu ɗaya ce, kuma ita ce aka gani ta shiga gidan Kawu da goro.

Kawu ba ya rabuwa da rediyonsa. Ya ji. Yanzu a wurinsa magana ta zama ni na ƙulla abin tun farko, na laƙa maka don in samu wurin ajiye tukwane. Kwano ya sake dawowa. In na gaishe shi yana amsawa, amma irin amsar da ake yi wa baƙo. Mutanen da suka zauna a ƙofar maigari sun san gaskiya, sai dai waɗanda suka kasa buɗe baki don tsamiya ba za su buɗe shi don Rabi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, aikin da ka fi cancantar yabo a kansa shi ne kake ɓoyewa kamar abin kunya. Manomi in ya shuka gero ruwa ya ɗauke, ya koma ya sake shuka, wa ya taɓa ce masa mai baki biyu? Wanda ake yi wa dariya shi ne wanda ya tsaya kan busasshiyar gona don kada a ce ya canza. Amma ku 'yan siyasa kun mayar da sauya ra'ayi zagi, har mai gaskiya ya gwammace ya yi ƙarya da a ce ya saurari mutane. Mu ma masu saurare muna da namu, don mu ke tafawa in an kunyata wani.

Ka duba yadda muhawarar nan ta tafi. Tun daga farko har aka rufe, shi yana cewa ka faɗa, kai kana cewa ba ka faɗa ba, mai gabatarwa yana ƙara muku wuta. Ba wanda ya tambaya yaushe za a yi mana makewayi a kasuwa, ko ina makiyaya za su bi da shanu zuwa rijiya yanzu da rumfa ta matso kusa da hanyarsu. Waɗannan ne muke tattaunawa kullum a bakin murhu, kuma wallahi muhawararmu ta fi taku daɗin ji, don mu in wata ta kawo hujja mai kyau sai a ce mata ta yi gaskiya, a wuce gaba.

Saboda haka ga roƙona. Ka koma rediyon nan, ko ka tsaya a kasuwa ranar da ta cika, ka ce kai ka yanke shawarar sare tsamiya, kai ka aike ni, kuma kai ka fasa da ka gane. Ba wanda zai raina ka, ƙuri'ata ma tana nan ban kai ta ko'ina ba. Sannan in an sake kiran ku muhawara, ka ja abokin naka zuwa maganar makewayi da hanyar shanu, in ya fi ka dabara ka karɓa. Mai gabatarwa kuma, in wannan takarda ta kai gare shi, ya riƙa tambayar mutum dalilin da ya sa ya canza, ya bar ƙoƙarin kama shi kamar ɓarawon akuya.

Roƙona na farkon nan shi ya fi mini komai, kuma kada ka ja shi da nisa. Kawu ya tsufa ƙwarai, bana da ƙyar yake kaiwa bakin kasuwa. Ba ni da uwa ba ni da uba, shi kaɗai ya rage mini, kuma ba na so ya koma ga Mahaliccinsa yana zaton ɗiyar da ya goya ce ta nemi a sare abin da ya tsare duk rayuwarsa. Ni na faɗa masa bai yarda ba. Daga bakinka kawai zai yarda.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka daga sharrin masu zuga, ya ba mu damina mai albarka. A gaida Goggo.

Wassalam.

Taubashiyarka kuma uwargijiyarka,
Rabi mai tuwo