Gurbin da Baba Ya Bari a Shafin Baya

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, mu kuma ya ba mu juriyar rashinsa. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, abinci ne dai sai an yi da gaske take taɓawa. Goggo tana nan tare da mu, ita da Umma ɗaki ɗaya, faɗa da safe, shiri da yamma, kamar yadda ka san su. Na san za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya. Maganar ba ta waya ba ce, Yaya. Akwai kuma abin da na naɗe maka cikin ambulan ɗin nan, don Allah kada ka warware shi sai ka gama karantawa.

Ka dai ji cewa jaridar su Baba ta rufe, amma ba ka ji yadda abin ya dafa mu ba. Tun kafin a haife mu Baba ke riƙe da shafin ta'aziyya na wannan 'yar jaridar mako-mako, har mutanen gari suka manta sunansa, sai dai Malam Shafin Baya. Ka tuna yadda yake hawa kekensa ya je gidan mamaci da kansa, ya zauna, ya tambayi sunayen 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ya karɓo hoto a cikin aljihun gaba? Ka tuna gurbinsa? Wannan ɗan fili kamar tafin hannu da yake bari a ƙasan shafin, ba ya yarda a cike shi sai injin buga jaridar na shirin tashi, wai ko wani zai rasu a ƙurarren lokaci, kada iyalinsa su jira har wani makon. In ba wanda aka kawo, sai ya saka tallar mai gyaran agogon nan na bakin kasuwa kyauta, ya dawo gida yana fara'a, ya ce wa Umma yau garin ya kwana lafiya.

To, tun da aka yi rasuwar Umma ba ta yi kuka ba. Wallahi ko ɗigon hawaye. Mata na shigowa suna yabon haƙurinta, ni kuwa gabana faɗuwa yake, don na ga yadda take ramewa tana kallon bango. Da na matsa mata, sai ta ce ita jira take ta ga Malam a jarida. Ta ce mutumin da ya saka talaka da mai kuɗi a shafin nan, ba zai yiwu shi ya wuce kamar ba a yi shi ba. Na ce mata ai an yi sanarwa a rediyo, ta ce wannan iska ta kwashe. Na je shagon kwamfuta aka buga mini hotonsa da addu'a a farar takarda, ta shafa, ta duba yatsunta, ta miƙo mini. Wai wannan ba jarida ba ce, tunda ba ta baƙanta hannu.

Shi ne na rufe shagon ɗinkina na shiga gari. Na fara da mai sayar da jaridu na bakin tasha, abokin hirar Baba. Yaya, da ka ga teburin nan da ka yi ƙwalla. Rabinsa yanzu cajar waya ce da tabarau. Manyan jaridun da ake kawowa daga nesa guda-guda ne, an danne su da dutse, tsofaffi na tsaye a kai suna karanta kanun labarai ba mai saye. Sai mujallun ɗinki, da na ƙwallo, da na 'yan fim, duk rana ta cinye musu launi. Ya ce mini yanzu duk garin nan babu jaridar da ake bugawa a cikinsa, in ban da takardar talla da manyan kantuna ke rabawa. Ya kwatanta mini ofishin wakilin wata babbar jarida, ya ce in gwada sa'ata.

Na hau benen ofishin da ƙyar na samu wata yarinya tana danne-danne a kwamfuta. Ta yi mini gaisuwar rashi da ladabi, ba zan yi mata sharri ba. Amma sai ta tambaye ni ko marigayin wani babba ne, don su shafinsu na takarda na waɗanda ƙasa ta sani ne, saura a intanet suke sakawa. Ka san halina, nan take na ji kaina ya ɗau zafi. Na ce mata in kakanta a garin nan ya rasu, to wannan da take tambaya ko wani ne, shi ya rubuta shi. Daga baya na ji kunya, don ba laifinta ba ne. Masu wata mujalla mai sheƙi da na leƙa wurinsu kuwa cewa suka yi su bukukuwa suke bugawa, mutuwa tana kashe musu kasuwa. Kai, duniya! Na sauko ina share hawaye da bakin mayafi kamar wadda aka kora.

Ƙafata ce kawai ta kai ni tsohon ofishin su Baba. Ƙofa a buɗe, an jera kujeru a kan tebura, injin an lulluɓe shi da tamfol ana jiran mai saye, amma warin tawadar nan da Baba ke dawowa da shi a riga yana nan daram. Na tarar da Edita, shugaban su Baba, shi kaɗai yana ɗaure tsofaffin jaridu da igiya. Da na gaya masa abin da Umma ke so, sai ya cire tabarau ya ajiye igiyar. Ya ce da yana da iko da ya tayar da injin ko don shafi ɗaya, amma an yanke wuta, ma'aikata sun watse. Sannan ya tambaye ni ko mun ga fitowar ƙarshe. Na ce ina muka ga ta jarida, muna asibiti.

Ashe ranar da za a buga ta, Baba ya kira shi daga gadon asibiti, muryarsa da ƙyar take fita, ya ce a bar masa gurbinsa, yana nan tafe. Edita ya ce sun jira har ma'aikata suka gaji. Wani ya kawo shawarar a saka tallar mai agogo, mai inji ya rantse ba da hannunsa ba, tunda Malam ya ce a bari. Haka aka buga ta. Washegari Allah ya karɓi abinsa.

Edita ya ba ni guda ɗaya, na kawo wa Umma. Ka san ba ta karatun boko, amma shafin baya ba ya ɓace mata. Ta juya, ta bi hotunan mutane da yatsa har ƙasa, ta iso wurin da yake fari fat, an zagaye shi da baƙin layi. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ya rufe shi daidai. Ta ce ashe Malam ya tanadi wurinsa. Sai kukan ya zo, Yaya, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba, har Goggo ta rungume ta suna yi tare. Ni ma na zauna a ƙasa na yi nawa.

Wannan jaridar ce a hannunka. Umma ta ce ba wanda zai cike gurbin sai kai, don rubutunka da na Baba kamar an tsaga kara, kuma ya so ƙwarai ka gaje shi kafin tafiya ta ɗauke ka. Ta ce ka yi yadda yake yi wa kowa: cikakken suna, aikinsa, da waɗanda ya bari, kada ka cika yabo, ka san ba ya so. Ka bar gefen hagu, hoton yana wurina. In ka gama ka aiko da ita ta hannun wanda ka yarda da shi, don ta ce sai ta gan shi a cike hankalinta zai kwanta.

Ka gaida mini Anti da kyau, da takwaran Baba, da 'yar lelenka mai surutu. Umma tana sa muku albarka, Goggo da Kawu da Auta duk suna gaisuwa. Ka yi amfani da baƙin biro, kuma ka gwada a wata takarda tukuna, don sauran jaridun Edita ya riga ya ba masu awo a kasuwa suna ƙunshe kaya da su. Wannan ɗaya ce ta rage mana.

Taka ƙanwa har kullum,
Tela