Inna ta buɗe mani hanyar Yamai

Laraba da dare, Nasarawa, Birnin Kebbi

Murna ta hana ni barci! Sati biyu ke nan da jami'a ta zaɓe ni in je Yamai karatun Faransanci na shekara guda, amma Baba ya ƙi sa hannu a takardar. Wai ɗiyarsa ba ta zuwa ƙasar waje.

Yau Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Gulma, na gaya mata ina kuka. Ta dube shi ta ce, "Umaru, Yamai ɗin ce ƙasar waje? Bisa jaki ubanka ya riƙa kai albasa can!"

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Hadiza, miƙo biro."

Har yanzu kallon sa hannun nake yi. Ya ɗan karkace, amma nasa ne.